Masu Fassarar Mafarki a Mubi

A Mubi kowace sana'a da mazauninta. Dillalan shanu suna tike, 'yan canji suna bakin kasuwa da damman naira da sefa suna jiran fataken Kamaru da Cadi, mahauta da maƙera da wanzamai kuwa kowa da sarkinsa. Akwai wata sana'a guda da ba ta da rumfa, ba ta da sarki, ba ta da ƙungiya, ba kuma allon da ke nuna ƙofarta, amma kasuwarta ba ta taɓa mutuwa ba. Ita ce fassarar mafarki. Daga Kolere zuwa Lokuwa, daga Sabon Layi zuwa Yelwa, duk unguwar da ka shiga ka ce ka yi mafarkin da ya tsaya maka a rai, za ka sami mai ce maka, "Je ka ga Malam wane bayan sallar asuba."

Mai wannan aiki ba ya kiran kansa da sunan aikin. Malamin zaure ne, ko limamin masallacin unguwa, ko wani Modibbo da ya tsufa a kan buzu, kuma galibi yana da wata hanyar cin abincinsa: noma, ɗinki, karantar da yara ko ɗan tireda. Mata sun fi kai nasu wurin malamar Islamiyya ko wata dattijuwa mai riƙon asiri. Kiristocin garin, waɗanda suka tashi da labarin Yusufu da na Daniyel, su ma sukan nufi fasto ko dattijon coci. Kayan aikin ba su da yawa: littafi ɗaya ko biyu, tabarma, kunne mai haƙuri, da baki mai nauyi.

Gadon da aka tarar

Malaman Mubi gadon aikin nan suka yi. Duk almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya san Annabi Yusuf, wanda fassarar mafarkin sarkin Masar ta fitar da shi daga kurkuku ta ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Hadisai sun nuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan juyo bayan sallar asuba ya tambayi sahabbai ko wani ya yi mafarki, shi ya sa har yau masu neman fassara sammako suke yi. A ƙasar nan ma irin wannan gani ya taɓa tarihi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da labarin cewa wajen 1794, yana da shekara arba'in, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Shekara goma bayan haka aka yi hijirar Gudu, kuma tutar wannan jihadi ce Modibbo Adama ya kawo ƙasar Fombina.

Karatun farko da mai koyo ke yi shi ne rarrabewa. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun kasa mafarki gida uku: na gari, wanda bushara ce daga Allah, na firgitarwa, wanda yake daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa ya biyo shi cikin barci. Na farko shi ake fassarawa. Na biyu maganinsa tofi sau uku ta hagu, da neman tsari, da juya kwanciya, da kame baki. Na uku kuwa a da ba a cika ɓata masa lokaci ba, malam yakan yi murmushi ya ce, "Tunani ne ya yi maka yawa, je ka abinka." Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kusan kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar nan ya ratsa, ya yi gargaɗi a babukansa na ƙarshe cewa wanda ba shi da sanin fassara kada ya tsoma baki a cikinta.

Littattafan da ake dogara da su biyu ne suka fi yawo. Akwai wanda ake jinginawa ga Muhammadu ɗan Sirina, tabi'in Basra mai sayar da tufafi, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Masu bincike sun ce wasu ne suka tattara shi daga baya suka liƙa masa sunansa saboda shahararsa. Sai na Abdulgani Nabulusi, malamin Dimashƙa da ya rasu a 1731, wanda ya jera abubuwan da ake gani bisa haruffa, ta yadda za ka buɗe ka nemi raƙumi ko rijiya kamar mai duba ƙamus. A cikinsu ne ake samun ma'anonin da kowa ya haddace: nono ilimi ne, riga addini, haƙora dangi, maciji maƙiyi.

Amma duk wanda ya daɗe a aikin zai gaya maka haddar nan ita ce mafi sauƙin ɓangarensa. Labarin da malamai suka fi ba ɗalibansu shi ne na mutum biyu da suka zo wa ɗan Sirina da mafarki iri ɗaya, kowa ya ga yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai je Hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa ya dubi kamannin kowannensu ne, sannan ya nemi ayar da ta dace da shi. Darasin a fili yake: kafin a fassara mafarki sai an karanta mai mafarkin.

Yadda zaman yake

Ga irin zaman da akan yi. Gari ya fara wayewa, almajirai sun watse, saurayi ɗan kimanin shekara talatin ya yi sallama ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen tabarma.

"Allah gafarta Malam, mafarki na yi, kwana uku ke nan ya hana ni sakat."

"Alheri ne in Allah ya yarda. Faɗi yadda ka gani, kada ka ƙara, kada ka rage."

Wannan gargaɗi ba na ado ba ne, domin ƙarya a mafarki babban zunubi ce a wurin malamai. Saurayin ya ce ya ga Yedzaram ya yi ambaliya, yayansa ya faɗa ciki yana ɗaga hannu, shi kuma yana tsaye a gaɓa da igiya a hannunsa, amma hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya farka yana gumi.

Sabon shiga zai yi maza ya buɗe babin kogi ko babin igiya. Tsohon hannu kuwa littafin yana rufe a gabansa, tambaya yake yi. Wane lokacin dare ka gani? Da alwala ka kwanta? Me ka ci? Mece ce sana'arka? Kana da iyali? Mahaifinku yana da rai? A nan saurayin ya sunkuyar da kai ya ce tsohon ya rasu bara waccan.

"Allah ya jiƙansa. An raba gado?"

Shiru ya ɗan yi tsawo. "Ba a raba ba tukuna, Malam. Gonar da shanun duk suna hannun Yaya. Ni dai ban ce komai ba. Ai babba ne."

"Yaushe rabonka da gidansa?"

"Tun ƙaramar salla."

Malam ya gyara zama. "Ɗana, wannan ba saƙo ba ne daga sama, kuma babu abin da zai sami ɗan'uwanka saboda shi. Zuciyarka ce take magana da kai. Ka haɗiye abu, ya ƙi wucewa. Yau ka je ka gaishe shi. Sannan ka sami baffanku ka gaya masa a kira malamai a raba muku abin da Allah ya ba kowa. Haƙƙinka ne, nemansa ba rashin kunya ba ne."

Lura da abin da malam bai faɗa ba. Bai ce wa yaron, "Kana fatan ɗan'uwanka ya mutu" ba, ko da yake ya hango inuwar hakan. Bai kuma ce masa wani ya yi masa asiri ba. Ya ɗauki mafarkin gida na uku, wanda a da ake watsarwa, ya bi shi har ya kai ga gonar da ba a raba ba. Gwanintar sana'ar ke nan, kuma a daidai nan ne ta yi kiciɓis da aikin wani likita da ya rayu nesa da Mubi ƙwarai.

Likitan Biyena

An haifi Sigmund Freud a 1856, ya yi kusan dukan rayuwarsa a Biyena, babban birnin Ostiriya, ya gudu daga 'yan Nazi a 1938, ya mutu a Landan a 1939. Likitan jijiyoyi ne. A 1885 ya je Faris wurin likita Charcot, inda ya ga marasa lafiya da ƙafa ta shanye ko murya ta ɗauke alhali babu abin da ya sami jijiyarsu. Abokin aikinsa Josef Breuer ya ba shi labarin wata budurwa da ta yi makonni ba ta iya shan ruwa duk da ƙishirwa, har ranar da ta tuno ta taɓa ganin kare yana sha a kofi, ƙyama ta kama ta amma ta haɗiye saboda ladabi. Da ta amayar da maganar cikin fushi, sai ta nemi ruwa ta sha. Masana tarihi sun nuna ba ta warke sarai a lokacin ba, amma su biyun sun fitar da littafi a 1895 da wannan ra'ayi: abin da aka danne bai mutu ba, yakan ɓullo ta jiki.

Daga nan Freud ya gina koyarwarsa. Ya ce zuciyar ɗan Adam hawa uku ce. Akwai abin da kake sane da shi yanzu. Akwai abin da ba ya ranka a wannan lokaci amma in ka nema za ka tuno, kamar sunan kakarka. Sai ɓoyayyen ɓangare, can ƙasa, inda ake tura buri da tsoro da tunanin da mutum ba zai iya kallonsu ido da ido ba. Wannan ko ka nema ba za ka samu ba, don akwai ƙarfin da ke danne shi, amma yana nan yana juya ka. Yana leƙowa ta suɓul da baka, kamar ango ya kira amarya da sunan wadda aka hana shi. Yana leƙowa ta mantuwa mai dalili, kamar bashin da kullum ake mance ranar biyansa. Freud ya rubuta littafi guda a kan irin waɗannan a 1901. Babbar ƙofar ɓoyayyen ɓangaren kuwa mafarki ce.

Littafinsa na fassarar mafarki ya fito a ƙarshen 1899 da shekarar 1900 a bangonsa. Kwafi 600 aka buga, sai da suka shekara takwas kafin su ƙare. A cikinsa ya ce kowane mafarki cikar wani buri ne da aka danne, sai dai burin ba ya zuwa da fuskarsa. Mutumin Mubi, da ya san hanyar Sahuda, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Burin da zuciya ta haramta kayan fasa-ƙwauri ne, a kan hanya kuma akwai ɗan kwastan. Da rana idonsa biyu, ba abin da ke wucewa. Da dare yana gyangyaɗi amma bai yi nisa ba, don haka sai a sauya wa kayan buhu. Abin da ka tuna da safe buhun ne. Aikin mai fassara shi ne kwance bakinsa.

Ya lissafa dabarun sauyin. Akwai cuɗawa, inda mutum ɗaya a mafarki zai zo da fuskar kawunka da muryar malaminka na firamare. Akwai karkatarwa, inda fushin da kake yi da mahaifinka zai koma kan wani baƙon soja ko kare. Akwai mayar da tunani hoto, yadda "na kasa taimakonsa" ko "ba na son taimakonsa" zai zama hannun da ya ƙi ɗaguwa. Kuma mafarki yakan ari tarkacen yinin jiya ya yi gini da su.

A 1923 ya ƙara wani rabo. Ya ce ƙarfi uku ne ke ja-in-ja a cikin mutum: son rai, wanda aka haife shi da shi, ba ya jira ba ya kunya, mai tsawa, wato muryar iyaye da al'umma da ta koma ciki tana hukunci, da hankali mai lissafi, wanda ke tsakani yana neman sulhu da abin da duniya za ta yarda. Ɗalibin Gazali zai tuna da nafsul ammara da nafsul lawwama, kuma akwai kama. Amma kada a haɗa su gaba ɗaya: a wurin malamai rai mai zargin kansa abin yabo ne, shi kuwa Freud ya ga mai tsawan nan yakan wuce gona da iri har ya kwantar da mutum ciwo. 'Yarsa Anna ta tsara hanyoyin da hankali ke kare kansa a wani littafi na 1936. Ɗaya daga ciki ita ce jingina wa wani abin da ke ranka: matar da ba za ta iya yarda tana ƙin kishiyarta ba, sai ta wayi gari da yaƙinin kishiyar ce ke neman ranta. Duk mai fassarar da ya shekara goma a zaure ya ga wannan, ko bai taɓa jin sunan Freud ba.

Inda suka haɗu da inda suka rabu

Freud da kansa, a wani ƙarin bayani da ya saka a bugun baya na littafinsa, ya ambaci yadda masu fassarar mafarki na ƙasashen Larabawa ke yi wa mutum tambayoyi barkatai kafin su buɗe baki. A nan suka haɗu: mafarki ɗaya ba ya da ma'ana ɗaya ga kowa. Amma shi ya ƙara gaba. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka mai mafarkin ne zai kawo ma'anar. Mara lafiya yakan kishingiɗa a doguwar kujera, likita ya zauna ta bayan kansa inda ba za su haɗa ido ba, sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ya faɗo maka a rai ka faɗe shi, komai muninsa, komai rashin kan gadonsa. Inda harshe ya sarƙe ko mutum ya yi sauri ya sauya zance, nan likita ke sa ido.

Rabuwarsu kuwa mai faɗi ce. Malam yana duban gaba, ko mafarkin bushara ne ko gargaɗi. Freud baya yake duba, zuwa ƙuruciya. Freud bai yi imani da Allah ba, a 1927 ma ya rubuta cewa addini ruɗin zuciya ne, don haka gida na farko da na biyu babu su a lissafinsa. Ya kuma ɗora kusan komai a kan sha'awa, har ya ce kowane yaro yana kishin ubansa a kan uwarsa. Tun a 1927 Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand, ya nuna cewa inda kawu ne ke da iko da yaro lissafin ba ya tafiya haka. Masana kimiyya sun yi ƙorafin cewa yawancin maganganunsa ba a iya gwada su. A 1953 kuma masu bincike a Shikago suka gano wani matakin barci da ido ke motsi da sauri, wanda a cikinsa ake yawan mafarki, kuma yana dawowa sau da yawa a dare ɗaya ga kowa da kowa. Abu biyu dai sun tsira daga duk wannan suka: yawancin aikin zuciya yana gudana ba da saninmu ba, kuma faɗin abin da ke ciki ga mai sauraro na gari yana rage nauyi.

Mafarkin da ba ya bukatar littafi

Shekarun baya-bayan nan sun sauya irin kayan da ake kawowa zaure. A farkon Oktoba 2012 aka bi ɗalibai har masaukinsu a Wuro Patuji aka kashe. A Yunin 2014 bam ya tashi a Kabang bayan wasan ƙwallo. Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram ta shiga Mubi ta sauya wa garin suna zuwa Madinatul Islam. Jama'a suka watse, wasu Yola, wasu suka hau duwatsun Mandara da ƙafa suka gangara Kamaru, kafin sojoji da maharba da 'yan banga su ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba. Ranar 21 ga Nuwamba 2017 aka tayar da bam a masallaci ana sallar asuba, 'yan sanda suka ce mutum 50 ne suka rasu. Ranar 1 ga Mayu 2018 aka sake.

Garin ya farfaɗo, tike ya cika, Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya sun koma karatu. Amma akwai masu kwana suna gudu har yau. Mace za ta zo wurin malama ta ce kullum abu ɗaya take gani: tana hawan dutse da goyo, tana jan hannun babban, sai ta duba ta ga hannunta wayam. Babu sauyin buhu a nan, abin da ya faru ne yake dawowa yadda ya faru. In kuma yaron ɗan fari ne, ciwon ya ninka. Al'ada ta hana ta kiran sunansa tun yana raye, kunya ta hana ta kuka a gaban surukai, masu ta'aziyya sun ce ta yi haƙuri, ta kuwa yi. Mun tashi ana gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da aka ajiye a cikin yakan fito da ciwon kai, da faɗuwar gaba, da zabura in an buga ƙofa, da dannau cikin dare.

Irin wannan mafarki ne ya tilasta wa Freud gyara maganarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an ga sojojin da ke komawa ramin yaƙi kowane dare cikin barci, kuma babu mai cewa burinsu ke nan. A littafinsa na 1920 ya yarda cewa waɗannan sun fita daga ƙa'idarsa. Ya ce firgicin ya afka wa zuciya ba shiri, shi ya sa take komawa wurin tana maimaitawa, ko ta samu ta mallake shi. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da wannan hali cikin kundin cututtuka da sunansa na kansa. Yau ba a kwantar da mai shi a doguwar kujera shekara da shekaru. Akwai zaman magana na makonni da ake bi da mutum a hankali ta cikin abin da ya faru, wani lokaci a haɗa da magani.

Malama mai basira ba ta buɗe babin dutse. Takan ce, "Ƙanwata, wannan ba aljani ba ne, ba kuma alhaki ne yake bin ki ba. Faɗa mini sunansa." Sau da yawa wannan ne karo na farko da uwar za ta furta sunan a gaban wani. Bayan addu'a da lallashi sai ta ƙara da cewa, "Gobe ki shirya in raka ki asibiti." Cocin EYN, wadda aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi a ranar da Mubi ta faɗi, ita ma ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya ga mabiyanta da maƙwabtansu.

Abin sadaka da 'yan damfara

Fassarar mafarki ba ta da farashi. Mai zuwa yakan tura ɗan abin sadaka ƙarƙashin buzu, manomi ya aiko da kwanon gyaɗa ko masara in kaka ta yi, wani kuwa "Allah ya saka da alheri" kawai zai bari. Malaman kirki da yawa ba sa karɓar komai a kanta, suna ganin ilimi ne da aka ba su amana. Shi ya sa ba a rayuwa da ita ita kaɗai.

Inda kuɗi yake shi ne a gurɓataccen gefenta. Ɗan damfara ba ya da gida uku, gida ɗaya gare shi: kowane mafarki sammu ne. Ka ci abinci a mafarki, an ba ka asiri. Kin ga namiji, aljani ya aure ki. Kin ga tsohuwa, mayya ce, kuma sai ya kwatanta ta yadda za ta yi kama da wata a gidanku. Daga nan sai lissafi: baƙin bunsuru, turare, ƙyalle, kuɗin aiki. Aure nawa irin wannan ya kashe, tsofaffi nawa aka ƙaurace wa, Allah kaɗai ya sani. Wayar hannu ta ƙara wa abin gudu. Yanzu ana tura mafarki ta saƙon murya a WhatsApp, wani a TikTok ya fassara wa mutum dubu a zama ɗaya, bai ga fuskar kowa ba, bai tambayi ko an raba gado ba.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan laushi. Wanda ya buɗe maka cikinsa yakan fara ganinka kamar uba, ya ɗora maka ƙauna ko tsoro ko fushin da asalinsu na wani ne. Freud ya lura da haka a wurin marasa lafiyarsa, ya mai da shi abin nazari, ya kuma gargaɗi almajiransa kada su ci amanarsa. Tsofaffin malamai suna da nasu shingen: ba a ganin mace sai ƙofa a buɗe ko da muharraminta, ba a mayar da mutum ɗan kullum, kuma abin da aka ji a zaure ba ya shiga cikin gida.

Abin da ya rage a yi

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa faɗar ƙungiyarsu, ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri tafiya ce mai nisa ga talakan Mubi. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka ba ta sauraron mafarkin kowa. Wanda ya firgita cikin dare, zauren malam zai fara zuwa, kuma haka abin zai ci gaba da kasancewa.

Wannan ba sabon lissafi ba ne a ƙasar nan. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, har duniya ta zo koyo. Mubi tana da abin da ake bukata don yin irinsa: malamai da fastoci da dattijan mata da jama'a ta riga ta amince da su. Horon 'yan kwanaki ba zai mayar da su likitoci ba, amma zai koya musu alamomin da in sun gani za su rufe littafi su nuna hanyar asibiti: mafarki ɗaya da ya wuce wata yana dawowa, rashin barci, gudun mutane, jin muryoyi, ko maganar gajiya da rayuwa. Ma'aikatan lafiya su ma suna da abin koyo a zaure, musamman yadda ake gaya wa mutum gaskiya mai ɗaci ba tare da an tozarta shi ba. Wasu malaman sun riga sun fara tura mutane asibiti da kansu, ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Duk hukumar da ke son yin wannan aiki a Mubi, su ya kamata ta fara nema.